Wa Ya Gina Zauren Nan?

Shekaru 11 ke nan da muka rushe zauren kakanmu, kuma ina cikin waɗanda suka amince a rushe shi. Bayan rasuwar mahaifinmu aka zauna rabon gado. Mu tara ne, ga iyayenmu mata biyu, ga ƙanne suna makaranta. Gidan yana cikin tsohon gari, ba nisa da Ƙofar Rini, bakinsa kuma yana kan hanya. Wani yayanmu ya kawo shawarar a fitar da shaguna uku a wurin zauren, kuɗin haya ya riƙa shigowa duk shekara. Magana ce mai hujja, babu wanda ya musa, ni ma ban musa ba. Cikin kwana biyu masu diga da shebur suka kwantar da abin da yake tsaye tun kafin a haifi mahaifinmu.

Zauren malami ne mai rufin asiri, babu wani ado na sarauta a jikinsa, amma duk wanda ya shiga sai ya ɗaga kai. Bakan gizo biyu ne, wato ginin da ake lanƙwasawa daga bango zuwa bango, suka gitta juna suka ɗauki rufin, a mahaɗarsu an manna wata tsohuwar tasa, azarar kuma an jera ta kamar saƙar tabarma. Kaurin bangon ya kai yaro ya zauna a bakin ƙofa ya naɗe ƙafa ba tare da ya tare wa kowa hanya ba. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an kwara maka ruwan randa. A nan aka ɗaura auren gwaggwanninmu, a nan aka raɗa mana suna, a nan muka wanke allo, a nan aka karɓi gaisuwar kakanmu da ta mahaifinmu.

Akwai wani dattijo magini da ke zuwa duk bazara kafin ruwan farko. Baba muke ce masa. Mahaifinsa ne ya gina zauren, shi kuma ya gaji yaɓensa. Yakan hau soro ya share indararo, ya bi tsaga da ɗan yatsa, ya sa a kwaɓa ƙasa da ramno a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin ya taɓa ta. Ranar da ake rushewa ya zo ya tsaya can gefe, dogare da sandarsa. Na je na durƙusa na gaishe shi, kunya ta hana ni kallon idonsa. Bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ɗana, ku hidda azarar ga a hankali, kada ku bari a hwasa ta. Ubana yaɗ ɗauko ta, ko gara ba ta taɓa ta ba.” Ya juya ya tafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne bayan wata uku, da aka gama shagunan, aka shafa fenti, aka sa ƙofofin ƙarfe. Mutanen shiya suka riƙa shigowa yi mana barka: “Allah shi sa albarka, gida ya hito.” Sai na tuna mahaifinmu ya yi sama da shekara 40 yana ware kuɗin yaɓe daga ɗan albashinsa, wata shekarar ma ya haƙura da ɗinkin Salla, kuma ban taɓa jin wani ya tsaya ya ce masa sannu da ƙoƙari ba. Wasu tausayinsa ma suke ji, a ganinsu rashin hali ne ya hana shi sa bulo. Da ƙanin mahaifinmu ko limamin shiya ko hakimi ya taɓa cewa a gaban jama’a zauren nan abin alfahari ne ga gari, na tabbata zaman rabon gadonmu da ya ɗauki wata hanya. Da an sami ko mutum ɗaya cikinmu da zai ce a yi shagunan ta gefen garka, a bar zaure.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da Sakkwato za ta ware rana guda a shekara ta karrama waɗanda suka riƙe tsohon gini suka gyara shi, da waɗanda suka yi sabon gini mai kyau da ya dace da garin nan, tare da maginan da suka yi aikin da hannunsu, a kira sunan kowa a bainar jama’a. Mu da kanmu za mu yi, ba sai mun jira Abuja ko wata ƙungiyar ƙasashen waje ba. Mun iya karrama mutane, wannan ba sai an koya mana ba. Muna naɗa sarauta, muna yafa alkyabba, muna shirya musabaƙar Alƙur’ani mu ba yaro kyauta a gaban iyayensa, makaɗa suna wasa manomi da maƙeri da ɗan kokawa. Magini ne kawai ya fita daga lissafi, shi da ya yi ɗakin da ake zaunawa a yi duk waɗannan.

Abin ba yau ya fara ba. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tarar ana gina masallaci a ƙarƙashin kulawar Waziri Giɗaɗo. Ya yi hira da shugaban maginan, mutumin Zazzau, wanda ya gaya masa cewa mahaifinsa ya je Masar ya koyo gini ya bar masa takardunsa. Har ma’auni maginin ya roƙi Baturen ya ba shi, don ya san amfaninsa. Ka ga mutum mai ilimi, mai neman ƙari, yana ɗora bakan gizo a birnin da bai wuce shekara 15 da zama hedikwatar daula ba. Labarinsa ya iso mana, sunan Sarki ya iso, sunan Waziri ya iso, sunan Baturen ya iso, shi kuwa a labarin ya tsaya a “magini”.

Zazzau ta fi mu sa’a a nan. Ta riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma’a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu, zuriyarsa kuma suka riƙe sarautar Sarkin Magina. Da aka zo sabunta masallacin a shekarun 1970, an rufe shi da sabon gini, amma an bar wani sashe na tsoffin ginshiƙai da bakunan gizo a ciki. Ina da yaƙinin cewa sunan nan ya taimaka wajen tsirar abin da ya tsira. Ginin da ake cewa “aikin Babban Gwani ne” hannu yakan yi nauyi kafin a ɗora masa diga. Wanda ake cewa “tsohon ginin ƙasa ne” kuwa ba ya da mai kare shi.

Mu duba namu. Shehu Usmanu ya dawo Sakkwato daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817, Hubbarensa yana nan mutane suna zuwa daga ko’ina a Afirka ta Yamma. Masallacin Shehu da Masallacin Bello na ƙasa ne a asali, daga baya aka sake gina su da siminti, na Bello a zamanin Sardauna. Ba na zargin waɗanda suka yi haka. Jama’a ta yi yawa, kuma a lokacin duk duniya gani ake yi siminti shi ne ci gaba. Ganuwar birni kusan duk ta tafi, ta bar mana sunayen ƙofofi: Kade, Marke, Atiku, Taramniya, Aliyu Joɗi, Rini, Kware, Dundaye. Yaro yana ce wa mai kabu-kabu ya kai shi Ƙofar Marke, bai taɓa ganin bangon da ƙofar ta huda ba. Garin da ya adana littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello da waƙoƙin Nana Asma’u, garin da Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara takardunsa, bai yi wa ginin da aka zauna aka rubuta su irin wannan riƙon ba. Wanda yake son ya nuna wa ɗansa yadda manyan gine-ginen ƙasar Hausa suke a cike, sau da yawa sai ya kai shi Jos, inda aka kwaikwayi masallacin Zariya da ganuwar Kano a gidan tarihi.

Abin da ya rage mana yanzu yana hannun talakawa da gidajen malamai da na sarauta: zaure a Giɗaɗawa, soro a Alƙammawa, ƙaramin masallacin shiya da ba a kai ga rushewa ba, tsoffin gidaje a Wurno inda Bello yake kwance, rumbuna a ƙauyukan bakin Rima. Ko wace shekara wasu suna tafiya, kuma ba ruwan sama ne ke cinye mafi yawansu ba, shawara ce irin wadda muka yanke.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai kam. Hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979. Surame, birnin Kanta na Kabi mai ganuwar duwatsu tun ƙarni na 16, yana cikin jiharmu, an ayyana shi wurin tarihi na ƙasa tun 1964, an kuma sa shi cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan UNESCO, hukumar ilimi da al’adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, a 2007. Duk wannan daidai ne, kuma a ci gaba. Amma doka ba ta shiga zaman rabon gado. Ba za ta iya hana magada tara su yi abin da suka ga dama da gidan ubansu ba, kuma bai kamata ta hana ba. Abin da ke shiga irin wannan zaman shi ne “me mutane za su ce”. A garin nan mutum yakan ci bashi don kada a ce ya kasa, yakan bar riba don kada a ce ya zubar da girman gida. Wannan ƙarfin yana nan, sai dai a yanzu gaba ɗaya yana tura mutane wajen rushewa.

Misalin da ya fi burge ni yana nan kusa, in ka bi ta Illela ka tsallaka Birnin Ƙonni ka nufi Tawa. A ƙauyen Yama, wani magini Bahaushe kuma manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma’a da ƙasa a 1962. Mutanen gari suka yi aikin gayya, mai kawo ruwa yana kawowa, mai yin tubali yana yi. Ya ci gaba da gyara shi yana ƙara masa, har ya kammala hasumiyoyinsa huɗu a 1982. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda take cikin manyan kyaututtukan wannan fanni a duniya. Ƙasar da ya yi aiki da ita irin tamu ce, harshensa namu ne, zafin da yake karewa shi ne namu. Shekaru bayan haka, da mutanen Dandaji, wani gari a wannan yanki na Tawa a Nijar, suka buƙaci sabon masallaci, ba a rushe tsohon nasu na ƙasa ba. An gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma cikin waɗanda suka zana aikin akwai Mariyama Kamara, ’yar Nijar. A Jenne ta Mali kuwa yaɓen babban masallaci biki ne na shekara, gari duka ke fita, samari suna rige-rigen kai kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Agadas ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013 da hasumiyarta ta ƙasa. Duk waɗannan maƙwabtanmu ne, kuma babu wanda ya fi mu arziki a cikinsu.

Na san abin da za a ce, domin ni ma na faɗa a zaman gadonmu: ginin ƙasa yana faɗuwa. Gaskiya ne. Kusan duk damina sai mun ji bango ya faɗa wa mutane cikin dare, wani lokaci yara. Wanda ya taɓa tono ɗan maƙwabcinsa daga ƙarƙashin soro ba za ka yi masa waƙar tubali ba, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya yi kuskure da ya koma bulo. Amma a tambayi tsofaffin magina abin da ke kayar da bangon ƙasa, za su lissafa maka. An yi hanya an ɗaga ta sama da daɓen gida, ruwan titi ya koma yana kwana a gindin bango. An cike kududdufin da ruwan shiya ke gangarawa an yi gini a kai. Leda ta toshe magudana. Indararo ya karye ba a sauya ba, ruwa yana bin jikin bango. Ko kuma an shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe, simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan aikin yini ɗaya ce ga wanda ya san ta. Matsalar ita ce masu sanin suna ƙarewa. Yaron da ya ga ana yi wa sana’ar ubansa kallon alamar talauci ba zai tsaya ya koya ba.

Ilimin kuwa ba ƙarami ba ne. Tubali da hannu ake mulmula shi, gindi faɗi kai tsini, a shanya, a jera shi tsaye cikin kwaɓi, bango ya fara da kauri a ƙasa yana sirancewa yana hawa. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma da yake ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki ita kaɗai, sai magini ya riƙa miƙo ta daga bango kaɗan-kaɗan, yana ɗaurewa da igiya yana rufewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samun ta, ita ke sa yaɓe da daɓe su ƙi ruwa. Laso kuwa, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo, haɗi ne na katsi daga marina da gashin jima da dafara. Ka lura da wannan: rufin soro yana buƙatar marini da majemi. Sakkwato da ta yi suna a duniya da fatar jar akuya, gashin da majema ke kankarewa ma bai tafi a banza ba, yana kan rufin gidajenmu yana tare ruwa. Da marina suka ja baya katsi ya yi wuya, da aka sare giginya ba a dasa ba azara ta yi tsada. Filin da aka gwabza da Turawa a 1903 sunansa Giginya, sunan yana kan bariki da filin wasa, itacen kuwa sai ka yi tafiya kafin ka ga kurminsa. In da ni ne, cikin waɗanda za a fara karramawa har da duk wanda ya dasa giginya da ɗorawa a gonarsa ya raine su, alhali ya san jikokinsa ne za su mora.

Kada a ɗauka ina gaba da siminti. Simintin Kalambaina namu ne, daga dutsen ƙasarmu ake yin sa tun shekarun 1960, kuma mutane da yawa suna ci daga gare shi. Asibiti da gada da makaranta mai hawa suna buƙatarsa. Karramawar da nake nufi ta haɗa da sabon gini na bulo da rodi, in an yi shi da hankali. Abin da nake ƙi shi ne gidan da aka kwafo daga hoton wata ƙasa mai sanyi: gilashi yana kallon yamma, rufin kwano ba silin kirki, tsakar gida an shafe ta da siminti ko bishiya ɗaya babu, ɗaki ba ya zaunuwa sai da na’urar sanyaya ɗaki, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Dare ya yi mai gida ya kwashi iyalinsa su kwana a waje, bulo yana mayar musu da zafin da ya sha tun safe. Akwai masu zanen gini da magina a Mabera da Arkilla da Gwiwa da suke yin abin da ya fi haka, suna ɗaga rufi, suna fitar da baranda mai inuwa, suna barin tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, suna barin gurbin darbejiya. Su ma babu mai ce musu sannu. Haka tsoffin makarantu da ofisoshi na zamanin En’e da na farkon ’yancin kai, masu dogayen baranda da kaurin bango. Shugaban makarantar da ya gyara irin wannan aji maimakon ya nemi a rushe a ba da kwangilar sabo ya cancanci a kira sunansa.

Wani malami abokina ya ja hankalina cewa garin Shehu bai kamata ya zama wurin gasar gini ba, ya kawo mini hadisin Jibrilu inda aka ambaci makiyaya matalauta suna gasar tsawaita gine-gine cikin alamomin tashin Alƙiyama. Na karɓi maganarsa da hannu biyu, kuma a ganina tana goyon bayan abin da nake kira gare shi. Gasar tsawo da ƙyalli ita muke ciki yanzu, ba tare da kowa ya shirya ta ba. Wadda nake so a shirya ta tattali ce da gyara da kyautata aiki, inda zauren malami mai ɗaki ɗaya zai iya wuce gidan bene. Kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Babu wanda ya ce a girmama ƙasa da itace. Mutumin da ya yi aikin ake gode wa.

Akwai kuma mai cewa ana fama da ’yan bindiga a gabashin jiha, mutanen Isa da Sabon Birnin Gobir suna gudun hijira, abinci ya yi tsada, wa ke ta zaure? Wannan maganar tana da nauyi, kuma ba zan ce gini ya fi rai ba. Sai dai ina roƙon a yi tunanin ranar da Allah zai kawo sauƙi mutanen nan su koma garuruwansu da aka ƙone. Da me za su sake gini? Mafi yawansu ba su da kuɗin buhun siminti, da ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsu za su yi. Ko su yi ta da ilimi ta tsaya shekara 100, ko su yi ta da gaggawa ta faɗa musu a damina ta uku. Mai kuɗi in ginin ƙasa ya ɓace bai rasa komai ba sai abin kallo. Talaka shi ne zai rasa ɗaki mai sanyi da ya fi ƙarfin aljihunsa ta kowace hanya in ba wannan ba.

Wa zai ba da karramawar? A ganina daga fada ya kamata ta fito, domin a Sakkwato babu takardar da ta kai a ce Sarkin Musulmi ya sa an kira ka ya yi maka godiya. Hukumar Tarihi da Al’adu ta Waziri Junaidu ta riƙe rajista, ta ɗauki hoto da awon duk ginin da aka kawo, ko ya ci ko bai ci ba, don ko ya faɗi wata rana a san yadda yake. Masu dubawa su haɗa da tsofaffin magina, da masu zanen gini da injiniyoyi, da malaman tarihi na Jami’ar Usmanu Danfodiyo. Kuma lallai a sa mata. Su ke yini a cikin gida, su suka san inda hayaƙi ke taruwa da inda ruwa ke kwanciya, kuma daɓe tun asali aikinsu ne, da gayya suke yin sa suna waƙa. Namiji yana iya yaba ƙofar gida, amma ba shi zai gaya maka ko madafa tana zaunuwa da azahar ba.

Tsorona ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: kada abin ya zama na masu kuɗi da ’yan kwangila, a riƙa sayen lambar yabo kamar yadda ake sayen wasu a otal-otal. Maganinsa a sa sharuɗɗa tun farko a kuma tsaya a kansu. Kada a duba gini sai ya ci damina biyu. Masu dubawa su je a bazara da tsakar rana, a kashe fanka da janareta, su zauna a ciki sa’a guda. Wanda ya ba da gudummawar kuɗi ga bikin kada gininsa ya shiga a wannan shekarar. Mutanen shiya ne za su kawo sunan gini ta hannun mai unguwa, ba mai ginin ba. Kyautar kada ta zama kuɗi mai yawa da zai jawo ’yan neman rabo: riga da rawani ga magini, takarda ga mai gida, gudummawar azara da makuba don gyaran baɗi, sai ɗan allo da za a kafa a bakin ƙofa, da boko da ajami, ɗauke da sunan wanda ya gina, da wanda ya gyara, da shekarar. A yi bikin kafin faɗuwar ruwa, lokacin da mutane ke yanke shawarar ko su yi yaɓe ko su bari. Allon nan shi ne ya fi komai muhimmanci a wurina, domin shi zai kasance a wurin ranar da magada za su zauna.

Baba magini ya rasu shekara huɗu bayan rushe zaurenmu. Jikansa yana aikin gini, bulo yake ɗorawa a sababbin unguwanni, kuma gwani ne. Na tambaye shi ko ya iya bakan gizo, ya ce ya taɓa riƙe wa kakansa igiya sau biyu yana yaro, yana jin in ya sami wanda zai tuna masa zai iya, amma ba a taɓa nema ba. Azarar da Baba ya ce a fitar a hankali mun fitar, guda 30 da ’yan kai, tana jingine a bayan gida, har yau gara ba ta taɓa ta ba. A layinmu saura zaure ɗaya irin namu, na wani dattijo da ’ya’yansa suka fara yi masa maganar shaguna. Bazarar da ta wuce na ga ya sa an kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, na tsaya na gaishe shi na ce, “Baba, sannu da ƙoƙari, Allah shi saka da alheri, zauren ga ya yi kyau.” Ya dube ni ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in shigo daga rana. Na gaya masa akwai azara a gidanmu in yana buƙata, ya ce akwai biyu da suka fara lanƙwasa ta wajen gabas, zai aiko yaro ya duba tsawonsu.